Yarana ba sa taɓa komai sai na ce: amsa ga wani masta a Suame

Wani Alhaji mazaunin Aboabo, mai shagon ƙera injuna a Magazin ta Suame, unguwar makanikai da maƙera a birnin Kumasi na Ghana, ya aiko da wannan tambaya. Yana da ma'aikata da yara masu koyon aiki su goma sha huɗu, suna ƙera injin niƙa da na gurzar rogo da na matsar manja. Ga abin da ya ce: "Na gaji da cewa duk mai sabuwar dabara ya kawo. Ba wanda ya taɓa kawowa. Ko ƙusa za a saya sai an buga mini waya. In na je Tamale kwana uku, aiki ya tsaya kwana uku. Yaran yanzu ba su da zuciya ne, ko ni ne ban iya ba? Yaya zan sa su riƙa gwada sabon abu ba tare da sun karya ni ba?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kafin komai ina da tambaya ɗaya gare ka, ba sai ka amsa mini ba, ka amsa wa kanka. Karo na ƙarshe da yaro ya yanka ƙarfe ba daidai ba ko ya ƙona injin walda a shagonka, wa ya biya? In an cire daga kuɗinsa, ko an hana shi kuɗin abincin ranar, ko an tsayar da shi gaban kwastoma an wanke shi tas, to ka riga ka ba su amsar da suke aiki da ita har yau. Abin da ka faɗa da baki sun ji. Abin da ya sami ɗan'uwansu kuma sun gani, shi suka riƙe.

Ka zauna a kujerar yaron na minti ɗaya ka yi lissafinsa. Mafi ƙarancin albashin yini da gwamnati ta ƙayyade a Ghana a 2025 sidi 19.97 ne, kuma ka fi ni sanin cewa mai koyon aiki a Magazin ba albashi yake karɓa ba, ɗan kuɗin abinci ne da abin da kwastoma ya miƙa masa. A ce wannan yaro ya hango cewa in an canja yadda ake ɗaure bel ɗin injin gurzar rogo zai daina tsinkewa. In ya gwada ta yi, injin zai fita da sunanka a jiki, kuɗin ya shiga aljihunka, shi kuwa wataƙila ka ce masa "ka yi ƙoƙari". In ya gwada ba ta yi ba, asarar ta kwana goma ce ko ta wata guda a kansa, ga dariyar 'yan'uwa. Riba taka, asara tasa. Wane mai hankali ne zai shiga irin wannan ciniki? Kai kanka in wani dillali a kasuwar Kejetia ya kawo maka shi, ba za ka ma bari ya gama bayani ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma a shago ba sai an sari kowa ba, a sari mutum ɗaya sauran su gani ya isa.

Maganar rashin zuciya kuwa ban yarda da ita ba ko kaɗan. Yaran nan na Aboabo da Asawase da Sabon Zango su ne ke karɓar pragya, wato babur mai ƙafa uku na haya, bashi suna biya kullum, su ne ke kafa ɗan akwatin momo, wato tura kuɗi ta waya, a bakin titi da jarin da aka ranto, cikinsu ne ake samun masu bi ta Agadas su tsallake hamada zuwa Libiya, kasadar da ba na yi wa kowa fatanta. Haka iyayenmu ma. Fataken goro sun shekara da shekaru suna bin hanyar ƙasa ta Salaga da jakuna, tafiyar watanni, sai ga Alhassan Dantata, wanda ya zauna a Ankara ta Ghana yana saurayi, ya shiga cikin na farkon da suka ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, aka ƙarasa da shi Kano. Goro kaya ne mai saurin lalacewa, ba ƙaramar kasada ba ce. Amma ya san in ta yi tasa ce. Yaranka ma suna da wannan zuciyar, sai dai ba sa kashe ta a shagonka, suna adana ta ne don ranar da za su buɗe nasu.

Saboda haka gyara na farko, wanda in ba a yi shi ba sauran duk surutu ne, shi ne ka ɗauke asarar daga kansu ka mayar kanka. Wannan ba wata sabuwar koyarwar makarantun kasuwanci ba ce, malamanmu na fiƙihu sun gama maganarta tun da daɗewa. A babin ƙiradi, wato mutum ya ba wani jari ya juya su raba riba, in aka yi asara ba tare da sakaci ko ƙetare iyaka ba, mai dukiya ne ke ɗaukarta, mai juyawa wahalarsa kawai ya rasa. Har ma malaman Malikiyya suka ce in mai dukiya ya gindaya sharaɗin cewa asara tana kan mai juyawa, ƙiradin ya ɓaci. Akwai kuma mas'alar da ta fi kusa da kai. A mazhabar, mai sana'a irinka da ya karɓi kayan mutane ya tafi da su shagonsa, in sun lalace shi ke biya. Amma ɗan ƙwadagon da ke aiki ƙarƙashinsa amintacce ne a wurinsa, ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka sa shi. Ka je wurin malamin unguwarku ka tambaya, zai buɗe maka wurin. Dokar ƙasa ma ba ta yi nisa da wannan ba. Dokar ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ta hana mai aiki ya ci ma'aikacinsa tarar kuɗi, kuma ba ta yarda a cire komai daga albashi ba sai abubuwan da ta lissafa. Na san a Magazin ba da wannan takarda ake kwana ana tashi ba. Duk da haka, abin da yawancinmu ke yi da sunan horo, littafin malam bai goyi bayansa ba, na gwamnati ma haka.

Ina jin abin da za ka ce: in na daina cire kuɗi, ai za su mai da shagon filin wasa. A nan ne aikin yake, kuma a nan ne shugaba ke bambanta da mai tsawa kawai. Sai ka iya raba sakaci da gwaji, kuma ka raba su a gaban kowa, da ma'auni ɗaya ko wane ne ya yi. Yaron da ya bar injin a kunne ya tafi kallon ƙwallo, ya ƙone, sakaci ya yi. Wanda ya san awon da ake yanka ƙarfe ya ƙi ɗaukar ma'auni don ƙiwuya, sakaci ya yi. Waɗannan ka hukunta su, ba ni da ta cewa, illa hukuncin ya zama wanda doka ta yarda da shi. Amma wanda ya zo ya ce, "Masta, ina ganin in muka rage kaurin wannan ƙafar injin zai yi sauƙin ɗauka, bari in gwada a ɗaya," ya gwada, ƙafar ta lanƙwashe, wannan bai ɓata maka komai ba. Ka sayi ilimi ne da kuɗin ƙarfe guda: yanzu shagon gaba ɗaya ya san iyakar kaurin da zai ɗauka. Da ba a gwada a nan ba, wata rana a ƙauye za a gwada, a injin da ka sayar, da sunanka a kai. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce mai hukunci in ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya dace yana da lada biyu, in ya kuskure yana da lada ɗaya. A kan alƙali aka yi maganar, ba a kan mai walda ba, amma ka duba ma'aunin: ƙoƙarin gaskiya da bai dace ba lada ake ba shi, ba bulala ba.

Tambayoyin da nake ba masu shago su riƙa yi wa kansu in abu ya lalace gajeru ne. Ya faɗa wa wani kafin ya yi? Ya tsaya cikin iyakar da aka ba shi? Da ya ga ta ɓaci, ya zo da kansa ya faɗa ko sai da aka gano? In duka ukun sun yi kyau, ko nawa aka rasa, kai ne mai biya, kuma fuskarka a sake.

Ka ga na ambaci iyaka. Ita ce amsar rabin tambayarka na biyu, wato kada su karya ka. Na fahimci abin da ya sa hannunka ya ƙanƙame. Wanda ya ratsa dumsor na 2015, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ya ga hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disambar 2022, lokacin da kuɗin ƙarfen safe ba shi ne na yamma ba, ba za a zarge shi ba don yana ƙirga kowace ƙusa. Amma "kowa ya gwada abin da ya ga dama" ba tsari ba ne, "kada wanda ya taɓa komai" ma haka. Ka yanke adadi. Ka ce, misali, babban yaronka yana da ikon kashe sidi 500 a mako ba tare da ya kira ka ba, na ƙasa da shi sidi 100, sai dai a rubuta a littafi abin da aka saya da dalili. Ka ware kuɗin gwaji na wata, adadin da in ya tafi gaba ɗaya ba zai hana ka barci ba, ka sa a ranka cewa ya riga ya tafi. Ka keɓe wani lungu da tarkacen ƙarfe da tsohon injin da ba na kowa ba, can ake gwaji. Kayan kwastoma ba wurin gwaji ba ne sai da saninsa da yardarsa. Duk abin da in an yi shi za a iya warwarewa gobe, su yi, su faɗa maka daga baya. Abin da ba ya warwaruwa, kamar karɓar babbar kwangila, ko ba da kaya bashi, ko yanka ƙarfen da aka yi odarsa daga Tema, wannan sai da kai.

Akwai kuma wurin da ba kasada ko ta sisin kwabo, kuma ka faɗe shi da babbar murya don kada a fahimce ka a karkace: walda a tankin mai da ba a wanke ba, wasa da tukunyar gas, haɗa wayar wuta a tsallake fis, cire murfin da ke kare hannu daga bel don a yi sauri. Kuɗi ake kasada da shi a shago, ba yatsun ɗan mutane ba.

In ka gyara maganar asara, saura maganar kunne. Kusan duk mai shagon da na zauna da shi yana ganin shi mai sauƙin kai ne, ƙofarsa a buɗe. Yaransa kuwa wani labarin suke bayarwa. Wata malamar jami'ar Harvard, Amy Edmondson, ta yi bincike a asibitoci a shekarun 1990 kan kurakuran ba da magani. Ta zaci rukunin ma'aikatan da suka fi jituwa da kyakkyawan shugabanci za su fi ƙarancin kuskure. Sai ta tarar su ne suka fi yawan kurakuran da aka rubuta. Da aka bi diddigi, abin da ya bayyana shi ne sun fi faɗa, sauran kuwa ɓoyewa suke don tsoro. To shagon da masta ba ya jin labarin kuskure, ba wai ba a yi ba ne. Ana yi, ana shafe shi da fenti, kwastoma ne zai gano.

Kai da ka san Toyota ciki da waje, ka san ba a banza kayansu suka yi suna ba. A masana'antarsu akwai igiya a saman layin haɗa mota, kowane ma'aikaci, komai ƙanƙantarsa, in ya ga matsala yana da ikon ja. Shugaban rukuni ya zo da sauri ya taimaka, in ba a warware ba layin ya tsaya. A 1984 Toyota da General Motors suka sake buɗe wata masana'anta a Fremont ta jihar Kalifoniya a Amurka, wadda aka rufe bayan ta yi ƙaurin suna wajen yajin aiki da rashin zuwa aiki da motoci marasa inganci. Yawancin waɗanda aka ɗauka aiki tsofaffin ma'aikatan wurin ne. Cikin ɗan lokaci ingancin motocin wurin ya shiga sahun gaba a duk masana'antun General Motors. Mutanen nan dai su ne na da. Abin da aka canja shi ne abin da ke samun mutum in ya ɗaga hannu ya ce akwai matsala. Yaro na farko da zai zo maka da mummunan labari bayan ka sanar da sabon tsari, dukan shagon za su zuba ido su ga fuskarka. In ka ce "na gode da ka faɗa da wuri, zo mu duba", ka gama rabin aikin. In ka ɗaga murya, sai ka sake jiran wata shida.

Mu kuma muna da wani nauyin da Bajapane ko Ba'amurke ba lallai ya san irinsa ba. An tarbiyyantar da yaran nan cewa ƙarami ba ya gyara wa babba magana, ga ka Alhaji, ga ka masta, wataƙila ma kai ka karɓe shi daga hannun ubansa da goro da addu'a. Wannan tarbiyya abu ne mai kyau, ba na so ka rushe ta. Amma ka san tana rufe baki. In ka tara su ka ce "wa ke da shawara?", ba wanda zai yi motsi kafin babban yaro ya yi magana, shi kuma abin da ya san kana so zai faɗa. Malaman sira sun kawo cewa a Badar, Hubabu ɗan Munzir ya ga inda aka sauka, sai ya fara tambayar Manzon Allah (SAW) ko wannan wuri wahayi ne ko kuwa ra'ayi ne da dabarar yaƙi. Da aka ce masa ra'ayi ne, sai ya ba da shawarar a matsa kusa da ruwa, aka kuma bi. Ka lura sai da ya san wane fage ne aka bar wa shawara sannan ya yi magana. Yaranka ba za su yi maka irin wannan tambaya ba, kai ne za ka gaya musu: wannan da wannan ba a taɓawa, wannan kuwa yadda na saba yi ne kawai, wanda ya ga hanyar da ta fi ya faɗa.

Kuma ka daina neman "sabuwar dabara". Kalmar tana da girma, yaro yana jin sai ya ƙirƙiro jirgin sama. Ka same shi shi kaɗai, kuna cin wake da shinkafa ko kuna dawowa daga masallaci, ka tambaye shi wane aiki ne ya fi cinye masa lokaci a makon nan, ko me matan da ke zuwa gyaran injin gurza suke ƙorafi a kai in ba ka nan. Shi ke jin wannan ƙorafin, kai gaisuwa kawai ake yi maka. In kun zauna gaba ɗaya, fara da ƙaramin cikinsu, ka bar babban yaro da kanka a ƙarshe. Ka kula da babban yaron nan sosai. Sau da yawa ba masta ne ke kashe shawara ba, shi ne, don yana ganin in ƙaninsa ya haska shi ya dushe. Maganinsa ka sa a cikin abin da kake yaba masa har da yawan shawarwarin da suka fito daga yaran da ke ƙarƙashinsa.

Duk shawarar da aka kawo, ka ba da amsa cikin mako: za mu gwada, ko ba za mu gwada ba saboda kaza. "Bari in duba" da ba ta da ranar dawowa ta fi "a'a" kashe gwiwa. Game da wayar da ake buga maka kuwa, kada ka kashe ta, ka ɗauka, amma in abin yana cikin iyakarsu ka ce "kai me ka gani?", ya faɗa, ka ce "to yi hakan", ko da kai da wata hanyar za ka bi. Wannan na ƙarshen shi ne mai ɗaci. In ka dawo ka warware abin da ya yanke don kawai ba irin naka ba ne, gobe wayar za ta sake ƙara.

Za ka ji ana ba da labarin kamfanin 3M, wanda tun 1948 yake barin masu bincikensa su yi amfani da kashi 15 cikin ɗari na lokacinsu kan abin da suka ga dama, har aka sami takardar Post-it, 'yar takardar rubutu da ake mannawa a cire, daga wani gam da bai kama sosai ba. Gaskiya ne, amma kamfani ne mai ɗakunan bincike. Kai yammacin Asabar ɗaya a lungun tarkace ya ishe ka.

Lada kuwa kada ya tsaya a baki. In dabarar yaro ta rage kuɗin ƙera injin, ka ba shi wani kaso na abin da aka rage a kan injuna goma ko ashirin na farko, ka faɗi adadin tun kafin a fara, ka kuma biya a gaban 'yan'uwansa. In kwastoma ya yaba, ka kira yaron ka ce ga wanda ya yi. Masta da yawa wannan ne ke yi musu wuya fiye da fitar da kuɗi.

Na san akwai abin da ba ka rubuta ba, don kusan kowane masta yana da shi a rai: in na buɗe masa ido, gobe zai buɗe shago a gefena ya kwashe mini kwastoma. Zai tafi, Alhaji, ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba. Kai ma wani ka bari. Magazin gaba ɗayanta haka ta ginu, yaro ya gama koyo, a yi masa addu'a, ya ja nasa yaran. Ko masu narkar da ƙarfe da ke zuba muku faifan injin niƙa, sana'ar ta yaɗu ne bayan jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta buɗe cibiyar koyar da sababbin dabaru a cikin Magazin a 1980, waɗanda suka koya suka koyar. Abin da ke hannunka shi ne shekarun da zai yi a wurinka, ko ka ci moriyar kansa ko ta hannunsa kaɗai, da kuma yadda za ku rabu. Wanda ya fi kawo dabara cikinsu, tun kafin ya fara neman wuri a ɓoye, kai ka fara yi masa maganar. Ka ba shi wani ɓangaren aikin, a ce injinan manja, ya riƙe da kaso cikin riba, a rubuta a takarda da shaidu biyu. In lokacin tafiyarsa ya yi, ka taimaka masa da tsohon injin walda, ka riƙa tura masa aikin da ya yi maka yawa, kuna raba kuɗin yadda kuka yi yarjejeniya.